Bangon mujalla ba kasuwar Dole ba ne

Jiya da muna rufe shago ka ce mini: "Maigida, tunda kiɗan rok hayaniya ne, me ya sa ka ce in rage kayan da na zuba a bangon gwajin nan?" To saki kwamfutar nan, jawo kujera.

Hoto biyar ka sa, launi bakwai, haruffa iri shida, duk a shafi ɗaya. Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ma ta fi shi tsari. Mutumin da ke wucewa kan kabu-kabu kallo ɗaya zai yi wa teburin mai jarida. In idonsa bai sami wurin sauka ba, shi ke nan, ya wuce.

Ka san mujallar kiɗa ta Rolling Stone, wadda aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 1967. Fitowarta ta farko a takardar jarida ce, baƙi da fari, da mawaƙi John Lennon sanye da hular soja. Amma wanda nake so ya zauna maka a kai shi ne na Janairun 1981. Mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta ɗauki Lennon da matarsa Yoko Ono ranar 8 ga Disamba 1980, a daren ranar kuma aka harbe shi a New York. Da aka zo buga bangon, ko kanun labari ɗaya ba a sa ba. Hoton kawai, sai sunan mujallar a sama. Duniya ta riga ta ji labarin, duk kalmar da aka ƙara nauyin hoton za ta rage. Da kai aka ba aikin, na san sai ka kewaye shi da taurari.

Ba wai na ƙi bango mai ihu ba ne, yaro. Mujallar Kerrang! ta Ingila, da ta fito a 1981 da makaɗi Angus Young na ƙungiyar AC/DC a bango, sunanta ma kwaikwayon ƙarar jita ne. Sniffin' Glue ta 1976 kuwa da hannu aka rubuta kanunta, aka yi fotokofi, kuma matasan Landan suka yi ta saye. Sai dai abu guda za ka bari ya yi ihun. In hoton ne, haruffa su yi ladabi. Ko a wurin biki, in makaɗa biyar suka ɗaga murya tare, ba wanda za a yi wa liƙi.

Yanzu ga laifin da ya fi ba ni haushi. Ka juya hoton Mdou Moctar, makaɗin jitar nan mai rawani na Nijar, don fuskarsa ta kalli tsakiyar shafi. Bahago ne shi, kamar makaɗin jita Jimi Hendrix. Ka mai da shi mai kaɗawa da dama, kuma duk yaron da ya taɓa riƙe jita daga nan har Agadas zai gane tun daga nesa. Mai da shi yadda yake, ka matsar da rubutun maimakonsa.

Sauran na inji ne. Hoton da ka ciro daga WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda zai farfashe. Nemo na asali mai ɗigo 300 a kowane inci. Baƙin da ka shimfiɗa a baya, in baƙar tawada ce zalla, toka-toka zai fito, sai ka sa masa ɗan shuɗi a ƙarƙashi. Amma kada ka ɗora ƙananan fararen haruffa a kansa, don in launukan suka ɗan goce wa juna, rubutun zai dushe. Ka kuma bar milimita 3 na hoto ya zarce kowane gefe saboda wuƙar yanka.

Cire hotuna huɗu, ka bar mai rawanin nan. Buga shi a takarda, ka manna a ƙofar shago, ka tsallaka titi ka duba, sannan ka kira ni.