Dubi kan sarki kafin ka taɓa tsatsar

Ka ce min, "Maigida, ga tsabar kuɗi biyu na Trajan, sarkin Rumawa, faɗinsu ɗaya, duk sun yi kore. Yaya zan raba dupondius da as? Ko in ɗan kankare gefe in ga launin ƙarfen?"

Ajiye wuƙar nan tukuna, yaro. Koren da kake son kankarewa shi mai saye yake biya wa kuɗi, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Dupondius da as sunayen tsabar kuɗin Rumawa ne iri biyu, kuma a zamaninsu ba a wannan tambaya. Tun gyaran kuɗin da sarki Augustus ya yi, da jan ƙarfe zalla ake buga as, shi kuwa dupondius da tagulla mai ruwan zinare, kuma as biyu ne dupondius ɗaya. Mai sayar da burodi daga nesa yake ganewa. Ƙasa ce ta rufe mana launin.

Saboda haka dubi kan sarkin. Karkata tsabar wajen taga, hasken ya bi ta gefe. Ka ga tsinkayen nan da suka miƙe daga gashinsa kamar hasken rana? Wannan dupondius ne. Ɗayar kuwa ganye ne aka ɗaura masa, igiyar na reto a ƙeya, to as ne. Daga zamanin Nero, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68 miladiyya, wannan alama ta kambin rana ta kama. Kada ka ɗora wa haruffan SC ɗin da ke bayan tsabar nauyi, duka biyun suna da shi, izinin majalisar dattawa kawai yake nunawa.

Amma fa dokar tana da ɓaraka. Matan sarauta irin su Faustina ba a sa musu kambin rana, kuma a ƙarshen mulkin Hadrian an buga dupondius da kambin ganye. A nan sai sikeli: dupondius yakan kai giram 12 zuwa 14, as ya tsaya wajen 10 zuwa 11, amma tsabar da ta sha hannu tana ruɗa lissafi. Duba baki-baki, wani lokaci akwai inda tsatsar ta goge da kanta, ja ko rawaya ya leƙo.

In duk ba su raba gardama ba, rubuta "dupondius ko as" a takardar, haka manyan dillalai suke yi. Kawo sikelin mu auna naka biyun.