Hajiya, yaronki bai ɓata lissafi ba, lambar ce babu ita

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki yana neman lamba mai alƙaluma huɗu wadda karatunta daga dama da daga hagu ɗaya ne, kuma firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, amma ya cika takarda bai samu ba. Ki gaya masa ya huta, ko shekara zai yi ba zai samu ba, kuma akwai dalili.

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare nan Tudun Wada, kuma ba na gaya wa ɗalibai dalilin kai tsaye. Nakan rubuta 1221 da 3443 da 7557 a allo, in ce kowa ya raba su da 11. Sai ka ga hannuwa sun tashi: 111, 313, 687, babu saura ko ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, alƙalamin farko da na ƙarshe iri ɗaya ne, haɗuwar darajarsu ninkin 1001 ce, na tsakiya biyu kuma ninkin 110 (misali 3443 ita ce 3003 da 440). To 1001 ai 11 sau 91 ne, 110 kuma 11 sau 10. Duk yadda ka juya, 11 na ciki. Haka abin yake ga masu alƙaluma shida, takwas, goma, har abin da ya yi sama, muddin yawan alƙaluman yana rabuwa da 2. Ita 11 ɗin kaɗai ta tsira.

Saboda haka ya koma masu alƙaluma uku. Guda 15 ne, daga 101, 131, 151 har zuwa 919 da 929. A masu biyar akwai 93, ƙaramarsu 10301. Ya kuma lura kada ya fara da 2, 4, 5, 6 ko 8, domin abin da ka fara da shi da shi za ka ƙare, nan take 2 ko 5 ta raba lambar.

Manyan kuwa sai kwamfuta. A 2021 Ryan Propper da Serge Batalov sun gano wata mai alƙaluma 1,888,529. Tara ce tun daga farko har ƙarshe, sai 8 guda ɗaya tak a tsakiya cif, da tara 944,264 a kowane gefe. Da za a kai ta wurin masu buga takardu, a cusa alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai ta ci fiye da shafi 600. Wallahi duk lokacin da na faɗa wa aji wannan sai an yi ta salati.

Wata tambayar har yanzu masana ba su warware ta ba: shin irin waɗannan lambobi suna ƙarewa ko ba su da iyaka? An dai tabbatar cewa idan lambobi suna girma sai su yi ta ƙaranci matuƙa.

Don Allah kada a ba shi amsar 11 ɗin a hannu. Ki ba shi 3443 kawai ya raba, sannan ki tambaye shi me ya gani game da 313. Allah Ya yi masa albarka.