Abin da ya sa likita ke tura tsofaffinmu motsa jiki a Amurka

Yaya, ka tambaye ni wai da gaske ne a nan Amurka tsoho zai je asibiti da ciwon gwiwa, likita ya rubuta masa takardar zuwa wurin motsa jiki. Da gaske ne, kuma sau da yawa mu 'ya'yansu ne ke roƙon likitan ya rubuta.

Magani ana bayarwa. Sai dai ƙwayoyin rage zugi irin su ibuprofen, in tsoho ya daɗe yana sha, suna iya yi wa ciki da ƙoda illa, kuma ba sa gyara gaɓar. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓar yake samun abincinsa, ruwan nan kuwa sai ana lanƙwasawa ana miƙewa yake ratsa shi. Tsokar cinya ce ke rage wa gwiwa kaya, in ta saki, nauyin duk ya sauka kan gaɓar. Shi ya sa wanda ya ce zai zauna ya hutar da ƙafa, kafin ka ankara tashi daga kujera ma sai an kama shi. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Manya sama da miliyan 50 ke fama da amosanin gaɓɓai a ƙasar nan, kuma shawarar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, gare su ita ce minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Iyayenmu da suka biyo mu nan, zaman ya fi cin su. Ko ina a mota ake zuwa, bene da lif ake hawa, in hunturu ya shigo da ƙanƙara kuwa, tsoho zai yi makonni bai taka bakin titi ba don tsoron santsi. A masallaci ake fara ganin abin. Kujerun da ake jerawa a gefen sahu sai ƙaruwa suke yi. Addini ya yi rangwame, kowa ya sani, amma ka dubi fuskar dattijon da ya shekara sittin yana kai goshinsa ƙasa, yau yana nuni daga kan kujera, za ka gane abin yana masa ciwo fiye da gwiwar.

To ka ce da shi, "Baba, da ka riƙa ɗan takawa." Amsar da za ka samu ita ce, "Kai za ka koya mini tafiya?" Amma likita ya rubuta a takarda, sai ya ninke ta ya sa cikin jakar magungunansa, kowa ya zo gaishe shi ya nuna masa, "Likita ne ya ce." Nan amfanin turawar yake. Likitan da ya ce "a riƙa motsa jiki" yana tsaye a bakin ƙofa bai yi komai ba a ganina. Wanda ya rubuta sunan shiri da wurin da ranar, kuma in an koma ya tambaya ko an je, shi ne ya yi aiki. Don haka duk wanda zai raka mahaifinsa asibiti muna ja masa kunne: kada ka fito sai ka tambaya, akwai shirin da za a tura shi?

Shirye-shiryen suna nan. Walk With Ease na Arthritis Foundation, ƙungiyar tallafa wa masu amosanin gaɓɓai, tafiya ce kawai, sau uku a mako har mako shida, a rukuni ko kai kaɗai da littafin jagora. EnhanceFitness awa guda ne sau uku a mako, ana yinsa a rassa da yawa na YMCA, ƙungiya mai wuraren motsa jiki a unguwanni, wanda bai iya tsayuwa ya yi a zaune. Akwai tai chi, wato motsa jiki a hankali irin na Sinawa, da motsa jiki cikin ruwan ɗumi. A cibiyoyin tsofaffi na unguwa wasu kyauta ne, wasu kuɗi kaɗan, kuma wasu tsare-tsaren Medicare Advantage, wato inshorar lafiya ta tsofaffi, suna biyan kuɗin shiga wurin motsa jiki.

Inda ake turjiya shi ne cuɗanyar maza da mata. Ruwan ɗumi yana wa gaɓa daɗi ƙwarai, amma iyayenmu mata ba za su shiga ba sai wurin da ya ware lokacin mata zalla, ni kuma ban ga dalilin matsa musu ba. Tafiyar ta fi karɓar su. Da hijabinsu da takalmin gudu, su uku ko huɗu, da sanyi su zaga cikin babban ginin kantuna da safe kafin a cika, suna tafe suna hira.

Makonnin farko gaɓar takan ɗan yi tsami, wasu a nan suke karaya. Ƙa'idar da ake koya musu ita ce, in zafin ya ƙaru har ya wuce awa biyu bayan an gama, an yi da yawa, gobe a rage, amma kada a daina. In kuwa gaɓar ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ba na motsa jiki ba ne, asibiti za a koma ranar. Kuma tun farko ta hannun likitan da ya san zuciyar mutum da sukarinsa ake fara bi, don shi zai faɗi shirin da jikin zai iya ɗauka.