Wai ana iya leƙa tauraron ɗan adam idan ya lalace a sama?

Malam, tambayarka kan ko ana tura wani abu ya dubo tauraron ɗan adam in ya samu matsala, eh wallahi ana yi. Ɗan ƙaramin kumbo ake harbawa mai kyamara, ya lallaɓa kusa da shi a hankali yana ɗaukar hoto yana aiko wa injiniyoyi a ƙasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne ADRAS-J na kamfanin Astroscale na Japan, an harba shi a Fabrairun 2024, ya je ya samu wani tsohon gangar roka da ke shawagi tun 2009, ya matso har kusan mita 15, kuma fa dukansu gudu suke kamar kilomita 7 a sakan ɗaya, shi kuma gangar ba ya aiko da sigina ko ɗaya, kuskure kaɗan sai karo, tarkace ya watsu ko'ina.

Ni abin da yake min ciwo NigComSat-1 ɗinmu ne, wato tauraron sadarwa na Najeriya, 2007 aka harba shi, 2008 ya mutu saboda matsalar faifan sola. Da akwai irin wannan kumbon kusa, ai da an ga inda ya lalace ido da ido.