Tambaya da Amsa: In Sayi Injin Buga Bulo ko In Ƙara Leburori?

Tambaya: Ina da wurin buga bulo a Gusau, leburori uku ke buga mini da hannu. Na tara ɗan kuɗi. In sayi inji ne ko in ƙara ma'aikata?

Amsa: Malam, kafin ka taya inji, duba littafin cinikinka na wata shida. Lebura ranar da ya yi aiki kake biyansa, in kasuwa ta yi sanyi da damina sai ka rage hannu. Inji kuwa ya riga ya haɗiye jarinka, ko an sayi bulo ko ba a saya ba.

Mutane da yawa kuɗin injin kaɗai suke lissafawa. Akwai janareta ko injin dizal da zai juya shi, da mai, da bel da boris masu lalacewa, da bakanike. Akwai katakon da bulo ke sauka a kai: kowane bugu da nasa, kuma ba a ɗauke shi sai washegari. Inji mai fitar da biyu a bugu ɗaya, in kana son 600 a rana, katako 300 ke nan. Sai fili, sai ruwa, sai uwa-uba siminti. In buhu mai kilo 50 yana ba ka bulo 30 mai inci 9, buhu 20 za ka ƙona kullum. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a inji ya rasa na siminti ya ajiye ƙarfe ne kawai. Kuma leburori ba za su tafi ba, dole a sami masu kwaɓi da masu kwasa.

Inda inji ya yi zarra shi ne girgizar da ke danne yashi, bulo ya fito da ƙarfi kuma girmansa ɗaya. 'Yan kwangila wannan suke nema. In kana da irin waɗannan masu saye a hannu, sayi injin.

In magina na unguwa ne ke ɗibar ɗari yau, hamsin gobe, ƙara mutum biyu ka sa ido. Wanda ake biya a kan yawan bulo yakan ƙara yashi ya rage dannawa, don haka ka ƙayyade baro nawa za a zuba wa kowane buhu. Yashi mai laka kada ya shigo maka. Ban-ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da bulo tun siminti bai kama ba.