Zan tashi daga ɗakin da muke haya da abokina, ya ce ba ni da ko sisi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni da abokina muka kama ciki da falo a Kano ₦360,000 a shekara kowa ya ba da rabi amma rasit da sunansa ya fito. Bayan wata 7 aka min canjin wajen aiki zuwa Kaduna, nace ya bani kuɗin wata 5 da suka rage yace shi ba mai gida bane, kuma ga ₦40,000 da na ranta masa ga firij da muka haɗa kuɗi muka siya. Yanzu naji ma ƙaninsa zai dawo ɗakin. Na ɗauke firij ɗin ne ko na kai shi wajen 'yan sanda?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ji zafin abin nan, mutumin da kuke cin tuwo kwano ɗaya ya juya maka baya a kan kuɗi akwai ciwo. Amma dan Allah biyun da ka lissafa kar kayi ko ɗaya. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawari kawai, zaka ɓata lokacinka ne. Firij kuwa naku ne ku biyu, ka ɗauke shi da daddare gobe kai ne zaka tsaya kana rantse rantse a gaban DPO, mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

Ka raba kuɗin nan gida uku, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Bashin ₦40,000 shi ne mafi ƙarfi. In turansfa kayi je banki ka ciro sitetimen, in akwai saƙon WhatsApp ko boyis not da yake cewa "zan baka ƙarshen wata" to ka gama, kar ka goge kuma kar ka sayar da wayar, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana karɓar irin wannan hujja amma sai an haɗa da takardar bayanin na'urar da abin ya fito daga ciki.

Kuɗin haya kuwa gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Kasonka ₦15,000 ne a wata, wata 5 ya kama ₦75,000, amma kuɗin nan yana aljihun mai gida, kuma wanda ya tashi don kansa kafin wa'adi ba dole bane a mayar masa sai in an rubuta haka tun farko. Da abokinka zai zauna shi kaɗai ne da sai dai roƙo. To amma maganar ƙanin nan ta canja lissafi, kai ka biya wajen har ƙarshen shekara, ba zai yiwu wani ya shimfiɗa katifa a inda ka biya kyauta ba tare da yardarka ba, balle in an karɓi kuɗi a hannunsa. Saboda haka kar ka miƙa makulli tukuna, shi ne abin cinikinka, ka rubuta masa ƙarara cewa ka yarda ƙanin ya shigo in za a baka ₦75,000, ko da kashi biyu ne. Kuma ku sanar da mai gida, yawancin yarjejeniyar haya na hana shigo da wani ba da saninsa ba.

Firij ku kira mai gyara ya yi masa kuɗi a yadda yake yau, mai so ya biya ɗayan rabi. Ka ɗauki hoton mita da bango ranar da zaka fita, kar a dawo maka da bil ɗin wuta na watan da kana Kaduna.

Ku fara zama da wani babba da kuke jin kunyarsa ko mai unguwa, duk abin da aka yanke a rubuta kowa ya sa hannu da shaidu biyu. In ya ƙi, ka rubuta masa takardar neman biya ka bashi kwana 14, sannan ka nufi kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019, ba sai da lauya ba, fom zaka cike kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron wannan, sai dai ka tuna hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa, in baka da komai a hannu zai iya rantsewa ya tafi.

A Kano zaka shigar da ƙarar tunda nan yake zaune, shi yasa nake so ka tura takardar nan a satin nan tun kafin ka ɗaure kaya, kuɗin motar Kaduna zuwa Kano zuwa da dawowa sau uku kaɗai zai ci maka wani kaso mai tsoka na abin da kake bi.