Daga King zuwa Roy: ta ina zan bi salsalar matata a littattafan cocin Kebek?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Massachusetts ta Amurka, matata kuma haifaffiyar nan ce. Sunan gidansu King, amma kakarta ta sha gaya musu cewa kakanninsu Faransanci suke ji, daga Kanada suka gangaro aikin masaƙa a Lowell. Yaranmu sun san asalina har kakan kakana, ta wajen uwarsu kuwa shiru kake ji. An ce mini ainihin sunan Roy ne, kuma a littattafan coci ake nema. Na buga Roy a intanet, sai ga mutum dubbai. Ta ina zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu yaranka su san dangin uwarsu kamar yadda suka san naka. Ka kuma yi dace, domin mutanen da kake nema suna cikin al'ummomin da aka fi rubuce tarihin iyalansu a duniya. Rajistar cocin Notre-Dame ta birnin Kebek, babban birnin lardin Kebek na Kanada mai jin Faransanci, ta soma ne daga 1621. Gobara ta cinye ta farkon a 1640, limaman suka sake rubuta ta daga abin da suka iya tunawa. Daga 1679 doka ta wajabta wa kowane Fada, wato limamin cocin Katolika, ya riƙa yin kwafi biyu, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a kai ofishin kotu, saboda haka in wuta ko ruwa ya ci guda, galibi gudan yana nan. Ingila ta karɓe ƙasar daga hannun Faransa a 1763, amma alƙalamin coci bai tsaya ba. Har zuwa farkon 1994 waɗannan littattafan ne hukuma ke dogara da su a matsayin shaidar haihuwa da aure da mutuwa a Kebek.

Sai dai ka ajiye Kanada tukuna. Kuskuren da ka fara, shi kusan kowa ke yi: a ɗauki sunan gida a tsallaka iyaka da shi, a kama duk wanda ya yi kama. Roy yana cikin sunaye uku da suka fi yawa a Kebek, tare da Tremblay da Gagnon, kuma masu shi ba tsatso ɗaya ba ne, mutane daban-daban ne suka zo da shi daga garuruwa daban-daban na Faransa. Sannan ba kowane King ba ne Roy. Abin da za ka tsallaka da shi ba suna ɗaya ba ne, suna biyu ne: na miji da na matarsa.

Saboda haka daga Lowell za ka fara, ka riƙa ja da baya taki-taki. Tsakanin 1840 da 1930 kimanin mutum 900,000 suka bar Kebek zuwa Amurka, akasarinsu manoma da gona ta yi musu kaɗan, suka cika masaƙun Lowell da Fall River da Manchester da Lewiston da Woonsocket, suka kafa unguwanni da ake kira Petit Canada. Duk inda suka taru sai sun gina cocinsu mai huɗuba da Faransanci, a Lowell tun 1868 suka sami cocin Saint-Joseph. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Akawun hukuma Ba'amurke yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ko abin da aka fassara masa, shi ya sa Roy, wato sarki da Faransanci, ya koma King, Leblanc ya koma White, Boisvert ya zama Greenwood, Benoit kuma Benway. Fadan da ya fito daga cikinsu kuwa sunan gaskiya yake rubutawa. Ka nemi takardar aure ta hukuma, wadda Massachusetts ke tattarawa tun 1841, ka kuma nemi ta coci, ka jera su. An ɗora hotunan tsofaffin littattafan cocin Katolika na yankin Boston, wanda Lowell ke ƙarƙashinsa, a shafin American Ancestors. Kafin duk wannan ma, ku ziyarci tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangin, ku roƙi ganin akwatin takardunta. Ƙananan katunan jana'iza da suke rabawa sukan ɗauki sunan mamaci yadda yake a asali, wani lokaci har da ƙauyen haihuwa.

Ranar da ka sami sunan iyayen wanda ya yi ƙaura, uba da uwa, ka gama mai wuyar. Dalili shi ne yadda ake rubuta aure a Kebek. Ka buɗe littafin, a gefen shafi za ka ga harafi: B na baftisma, M na aure, S na binnewa. Ƙarƙashin M Fada zai rubuta rana da wata da shekara da kalmomi, ya ce an yi shela sau uku a coci ba wanda ya kawo cikas, sannan: wane, manomi, ɗan wane da wance na garin kaza, ya auri wance, 'yar wane da wance na garin kaza. Sai shaidu, da dangantakarsu da ango ko amarya, sai sa hannu, ko kuma a ce sun bayyana ba su iya sa hannu ba. Aure guda ya ba ka sunaye shida ke nan. Abin da ya fi daɗi, mace a Kebek da sunan gidan ubanta ake rubuta ta tun daga baftisma har kabari, ba ta ɓacewa cikin sunan miji. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da sunan iyaye biyu sai ka nemo nasu auren, shi kuma ya miƙa ka ga na gaba. Ka tuna galibi a cocin garin amarya ake ɗaurawa.

Inda igiyar ke tsinkewa shi ne auren wanda matarsa ta rasu, ko wadda mijinta ya rasu. Nan Fada yakan rubuta veuf de ko veuve de, ya ambaci marigayin ya bar iyaye, dole sai ka koma ka nemo auren fari.

Yanzu maganar laƙabi, wadda ita ce ta fi ɓatar da mutane. Za ka ga suna kamar Roy dit Desjardins ko Hudon dit Beaulieu. Kalmar dit tana nufin “wanda ake ce wa”. Ka san yadda a wurinmu laƙabi ke danne sunan yanka har jikoki su tashi ba su san na gaskiyan ba, to haka yake. Da yawa daga sojoji ya samo asali: rundunar Faransa mai suna Carignan-Salières ta iso a 1665 da mutum wajen 1,200, kusan 400 suka zauna, kowa da sunan barikinsa, su Lafleur, su Jolicoeur, su Sanschagrin. Antoine Roy dit Desjardins yana cikinsu, ya auri Marie Major a Kebek a 1668. Jikokin irin wannan mutum, wani reshe ya riƙe Roy, wani ya riƙe Desjardins, kuma mutum ɗaya kan fito da wannan a ranar baftisma, da wancan a ranar aure. In ka rasa mutum, ka neme shi da ɗaya sunan.

Sunan fari ma yana da nasa tarkon. Musamman a ƙarni na 19, kusan kowane namiji Joseph ake fara sa masa, kowace mace Marie, sunan da ake kiransa da shi a gida yana biye. Kuma in yaro ya rasu sukan mayar da sunansa ga ƙaninsa. Na taɓa shafe makonni ina gina zuriya a kan wata baftisma, daga baya na buɗe shafukan binnewa na shekarar na tarar jaririn bai kai wata uku a duniya ba. Wanda nake nema ƙaninsa ne mai suna iri ɗaya. Tun ranar ba na karɓar B sai na duba S.

Ba sai ka ƙware a Faransanci ba, domin jimlolin iri ɗaya ne ake ta maimaitawa. Né hier, an haife shi jiya, don a kwana ɗaya ko biyu ake kai jariri coci. Feu ko défunt, marigayi. Parrain da marraine, uba da uwar baftisma, yawanci dangi ne na kusa, kada ka tsallake su. Majeur, wanda ya kai shekarun mallakar kai, 25 a zamanin mulkin Faransa, daga baya 21. Ka kula da watanni: 7bre Satumba ne ba Yuli ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Kuma daga 1908 coci ta umarci a riƙa rubuta auren mutum a gefen baftismarsa, har ka iya ganin sunan cocin Lowell a gefen shafin wani ƙauye na bakin kogin Saint-Laurent.

Wuraren dubawa: FamilySearch da ma'ajiyar tarihi ta Kebek, BAnQ, suna da hotunan shafukan kyauta. Tarin Drouin na littattafan cocin, wanda aka ɗauka a fim a shekarun 1940, yana Généalogie Québec da Ancestry, da kuɗi. Ni dai PRDH na fi amincewa da shi, aikin Jami'ar Montreal da aka soma a 1966, wanda ya haɗa iyali-iyali daga 1621 zuwa tsakiyar ƙarni na 19. Kundin Fada Cyprien Tanguay mai juzu'i bakwai, na 1871 zuwa 1890, babban aiki ne amma da kurakurai, ka ɗauke shi ɗan jagora kawai. Jerin zuriyar da mutane ke liƙawa a intanet kuwa, kada ka kwafi ko layi ɗaya sai ka ga shafin da idonka. Kusa da kai akwai ƙungiyoyin masu wannan bincike a Woonsocket da Manchester, suna da jerin aure na cocin masu ƙaura.

In bincike ya karkata da kai wajen Akadiya, wato yankin Nova Scotia ta yau da kewayenta, ka shirya haƙuri, littattafai da dama sun salwanta a korar da Ingila ta yi wa mutanen Akadiya daga 1755. In kuwa a Kebek ya tsaya, da wuya ba ka kai ƙarni na 17 ba, inda mai yiwuwa ka ci karo da ɗaya daga cikin 'yan mata kusan 800 da Sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin turowa tsakanin 1663 da 1673. Auren wanda ya fara sauka daga jirgi yakan faɗi cocinsa na Faransa, a Normandie ko Perche ko La Rochelle ko Paris. Da wannan sunan garin sai ka buɗe Fichier Origine, kundin asalin waɗanda suka zo Kebek daga Faransa, ka ga ko an riga an gano takardar baftismarsa a can.